Wai Jahilci Ne Ya Hana Mu Zuwa Asibiti?

Yau kam ba labarin soyayya na zo muku da shi ba, don haka wadda ta buɗe wannan shafi tana neman Alhaji da budurwarsa sai ta yi haƙuri ta tsallaka gaba. Wata magana ce ta tsaya mini a maƙogwaro tun watan jiya, na haɗiye ta ta ƙi wucewa, na ce to bari in zubar da ita a takarda ko na samu barci.

Ina zaune a tsakar gida ina tsintar shinkafa, rediyo tana kunne, sai na ji an gayyato wani bawan Allah mai ruwan boko yana bayani a kan yawan mutuwar mata wajen haihuwa. Da aka tambaye shi dalili, ko numfashi bai ja ba ya ce ai jahilci ne da riƙo da al'ada. Wai matanmu ba su san amfanin asibiti ba, sun fi son ungozoma da rubutu da jiƙe-jiƙe, sai abu ya lalace sannan a kwaso su ranga-ranga. Mai gabatar da shirin yana ta faɗin “ƙwarai kuwa, ranka ya daɗe”. Wallahi ban san lokacin da na ture farantin ba. Na ce Allah Sarki mace, a hana ki magani, sannan a hau rediyo a zage ki.

Abin da ya sa maganar ta ƙona mini rai shi ne, a satin ne muka dawo daga yi wa wata maƙwabciyata barka da arziki haɗe da ta'aziyya. Yarinya ce ƙarama, nan lungunmu na Ɗan Agundi aka kawo ta, ta gama sakandare, tana karanta Hausa da Turanci, ta yi saukar Alƙur'ani. Mijinta tela ne, mutumin kirki, ba ya hana ta fita. Ta je awo har sau huɗu, katinta yana nan na gani da idona. A zuwa na ƙarshe aka ba ta takardar kayan haihuwa: safar hannu, auduga, reza, leda, maganin wanke ciwo, audugar mata, zaren ɗinki, da sauran tarkace. Aka kuma ce mata kwanciyar ɗan ba daidai take ba, mai yiwuwa sai an yi aiki, su zo da shiri. Wannan kalma ta “shiri” ita ce ta kashe mata ɗa. Ranar da naƙuda ta tashi da tsakar dare, ita da bakinta ta ce wa mijin a bari gari ya waye ko Allah zai kawo sauƙi ta haihu da kanta, domin ta san abin da ke cikin aljihunsa, ta san kuma kuɗin hayar shago na kansa. Gari ya waye, hantsi ya yi, ba labari. Da aka kai ta, kafin yayarta ta je wajen dillaliya da ɗan kunnenta na gwal da saitin tukwanenta, kafin a haɗa kuɗi, kafin a samo wanda zai ba da jini, rai ya yi halinsa. Ita aka ceto ta da ƙyar. Ba zan faɗi asibitin ba, don ba da su nake ba, su ma na ga yadda suke aiki da hannu biyu babu kayan aiki.

To don Allah ku gaya mini, a cikin wannan labari ina jahilcin yake? Yarinyar nan lissafi ta yi, lissafin kuma bai fita ba.

Ku dubi inda muke zaune ma. Daga bakin Ƙofar Ɗan Agundi, ga asibitin yara na Hasiya Bayero can wajen gidan Sarki, ga asibitin haihuwa na Nuhu Bamalli a Ƙofar Nassarawa, ga Murtala a Ƙofar Mata, ga na Malam Aminu Kano a titin Zariya. Mu ba mutanen ƙauyen da sai an ɗora mai naƙuda a amalanke ba ne. Adaidaita sahu ɗaya ta isa. Amma tsakanin mace da gadon asibiti akwai wata ganuwa da ta fi badala tsayi, ita ce tagar nan da ake biyan kuɗi.

Yanzu bari in ba ku labarin Innarmu, don shi ne hujjata babba. Mu bakwai ta haifa. Uku na farko duk a asibitin gwamnati ta haife su, a ƙarshen shekarun 1970 da farkon 1980. Takan ce a lokacin kati kawai za ki yanka, a duba ki, a ba ki magani a nan cikin asibitin, idan an kwantar da ke har abinci ake kawowa. Mu huɗun ƙarshe kuwa, har da ni, a ɗaki ta haife mu, a hannun wata tsohuwa. Mace ɗaya, miji ɗaya, unguwa ɗaya. Shin da tana yarinya ɗanya tana da wayewar zuwa asibiti, sai da ta girma ta yi hankali sannan jahilci ya kama ta? Na taɓa tambayarta, sai ta yi dariya ta ce, “Ke dai yarinya ce. Asibitin ne ya tashi daga hannunmu, ba mu muka tashi daga hannunsa ba.” Babanmu ma'aikacin masaƙa ne a lokacin, albashinsa da yake ciyar da gida har a yi ragowa sai ya koma ba ya kai tsakiyar wata.

Me ya faru a tsakani? Wannan shi ne abin da mai rediyo bai faɗa ba, kuma ya kamata kowace mace ta sani, don ba tatsuniya ba ce.

Kuɗin man fetur da ƙasar nan ta dogara da shi ya faɗi a kasuwar duniya a farkon shekarun 1980. A 1982 gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta kawo dokar tsuke bakin aljihu. Ranar 31 ga Disamba 1983 da sojoji suka yi juyin mulki, cikin dalilan da Sani Abacha ya karanto a rediyo har da cewa asibitocinmu sun koma wurin ganin likita kawai, ba magani, ba ruwa, ba kayan aiki. Kun ji fa, da bakinsu suka faɗa. Sai mutum ya ɗauka to ai gyara ya zo. Ina! A 1985 da likitoci suka shiga yajin aiki suna kukan wannan rashin kayan aikin, gwamnatin Janar Buhari rushe ƙungiyarsu ta yi, aka ɗaure wasu shugabanninsu. Da Janar Babangida ya hau a watan Agustan shekarar, ya ce jama'a su yi muhawara ko a karɓi bashin Asusun Lamuni na Duniya, wato IMF, ko kada a karɓa. Jama'a suka ce ba sa so. Aka ce to an ji, ba za a karɓa ba. Sai ga shi a 1986 an ƙaddamar da shirin nan da ake kira SAP, wanda sharuɗɗan da aka guda su ne a cikinsa: a karya darajar naira, a rage tallafi, a rage abin da gwamnati ke kashewa, a sayar da kamfanoninta. An ƙi cin biri an ci dila ke nan.

Kada wata ta ce ina ruwanta da darajar naira, ita da ko Legas ba ta taɓa zuwa ba. Ruwanki ne tsundum 'yar uwa. Mafi yawan maganin da muke sha daga waje ake shigo da shi, wanda ake haɗawa a nan ma sinadarinsa daga waje yake zuwa, da dala ake sayo shi. A 1985 naira ɗaya ta fi dala ɗaya. A watan Satumba 1986 da aka buɗe kasuwar canji, dala ta koma wajen naira 4. Zuwa 1993 ta kai wajen naira 22 a farashin gwamnati. Kuɗin da aka ware wa asibiti don sayen magani kuwa bai ninka haka ba. Daga nan ne iyayenmu suka koyi wasu haruffa biyu na Turanci ko da ba su shiga aji ba, wato O da S, waɗanda ake rubuta wa mutum a jikin takardar magani, ma'ana babu, je ka waje ka saya. Kuma a daidai wannan lokaci manyan likitocinmu suka fara tururuwa zuwa Saudiyya da Ingila da Amurka, har sai da gwamnati ta kafa kwamiti a 1988 don ya binciki dalilin guduwar masana, kamar dalilin a ɓoye yake.

Sannan aka zo da wata dabara. A 1987 Bankin Duniya ya fitar da shawarar cewa ƙasashe matalauta su riƙa karɓar kuɗi a hannun marasa lafiya. A shekarar ne kuma ministocin lafiya na Afirka suka taru a Bamako ta ƙasar Mali suka amince da tsarin a sayar wa majiyyaci magani, a juya kuɗin a sake sayo wani. A takarda abin gwanin sha'awa, don an ce gara magani na kuɗi da babu gaba ɗaya, kuma an ce za a yafe wa wanda ba shi da hali. To wa ya taɓa ganin layin waɗanda aka yafe wa? Ni dai ban gani ba, Inna ma ba ta gani ba. Ban ce duk masu mulkin lokacin mugaye ba ne. Ministan lafiya na zamanin, Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, likitan yara ne, ya yi ƙoƙari ƙwarai a kan rigakafi da ƙananan asibitocin unguwa, har yau ana yaba masa. Amma mutum yana zuba ruwa a tulu wani yana huda gindinsa, yaushe zai cika? Abin dariya abin kuka, a 1987 ɗin nan dai aka ƙaddamar da shirin Better Life na kyautata rayuwar matan karkara, ana ta anko da ɗaurin ɗankwali a talabijin, a daidai lokacin da matan suke komawa haihuwa a kan tabarma.

Idan mai rediyo yana son lissafi irin na 'yan boko, to ga shi, kuma ba daga Turai aka yi shi ba, nan Zariya ne. Likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello sun buga abin da suka gani a wata babbar mujallar likitoci ta Ingila mai suna Lancet a 1990. A farkon shekarun 1980 haihuwa a asibitin kusan kyauta ce. A 1985 aka fara karɓar kuɗi a wasu abubuwa, zuwa 1988 kusan komai sai mace ta saya. Me ya biyo baya? Yawan matan da ke haihuwa a asibitin ya ragu da kashi 46 cikin ɗari, yawan waɗanda ke mutuwa a wajen haihuwa a can kuma ya ƙaru da kashi 56 cikin ɗari. Ku sake karantawa a hankali. Masu zuwa sun ragu kusan rabi, masu mutuwa sun ƙaru fiye da rabi. Dalili kuwa a fili yake: mace ba ta zuwa sai ta ga mutuwa ido da ido, sai jijjiga ta kama ta, ko jini ya ɓalle, ko ɗa ya kwana biyu a hanya, lokacin da likita ba shi da sauran dabara. Matan Zazzau ɗin nan su ne dai na shekaru biyar baya, al'adarsu ba ta sake ba, addininsu bai sake ba, mazajensu su ne dai. Abu ɗaya ne ya sake, farashi.

Ga abin da na fahimta, kuma shi nake so ya zauna a zuciyar kowace mai karatu. Idan gwamnati ta ce ta rage kashe kuɗi a kan lafiya, ciwon ba ya raguwa ko da ƙwayar zarra. Sauro bai san an tsuke aljihu ba, naƙuda ba ta jiran kasafin kuɗi. Kuɗin dai sai an biya shi, sai dai an ɗauke shi daga kan gwamnati an sauke shi a wani wuri. Ina aka sauke shi? A ɗakinki. A kan adashinki, da kuɗin ƙosanki, da 'yar akuyar da kike kiwo, da kwallayen da uwarki ta shekara goma tana tara miki, da gwal ɗin da kika ce na ranar wuya ne. Ki tambayi kowace dillaliya a cikin birnin nan dalilin da ya fi sa mata fitar da kayan ɗaki da gaggawa a kan rabin kuɗinsu, za ta ce miki asibiti. Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa a Najeriya fiye da kashi 70 cikin ɗari na duk abin da ake kashewa a kan lafiya daga aljihun mutane yake fita kai tsaye. Kuma ke ce mai jinya, ke ce mai kwana a ƙasan gado a kan kwali, ke ce mai barin sana'arki sati uku. Idan aka ce a ɗaure ɗamara, to a ƙugun mace ake ɗaure ta, har da mai ciki wata tara.

Kuma inda asibiti ya ja baya, wani ne yake shigowa ya cike gurbin. Kemis ya zama likita, yaron kemis ya zama nas, mai tallan magani a faranti cikin rana ya zama ƙwararre. A sayar miki da ƙwaya uku maimakon goma sha biyar saboda iya kuɗinki ke nan, ciwo ya lafa ya dawo da ƙarfinsa. Jabun magani ya samu kasuwa. A 1990 yara sama da ɗari suka mutu a Jos da Ibadan saboda maganin zazzaɓi na ruwa da aka haɗa da guba. A 1996 kuwa, shekarar da sanƙarau ya kashe mutane sama da dubu 11 a ƙasar nan, iyaye suka yi ta kwasar 'ya'yansu zuwa Asibitin Zana a nan Kano, inda kamfanin Pfizer na Amurka ya zo ya gwada sabon maganinsa Trovan a wani gwaji da ya haɗa yara 200. Yara 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Kamfanin ya ce cutar ce ta yi ɓarnar, iyaye suka ce ba a yi musu bayanin gwaji ba ne, aka yi ta shari'a har 2009 da aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Ni tambayata ɗaya ce: uwar da ke da asibiti mai magani da gado, me zai sa ta miƙa ɗanta ga duk wanda ta gani da farar riga ba tare da tambaya ba? Wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Daga baya kuma da mutane suka riƙa ɗari-ɗari da allurar rigakafi, aka sake cewa jahilci.

Na san akwai mai cewa, to Hajiya marubuciya, ai duk wannan tarihi ne, an wuce wurin. Wallahi ba a wuce ba, fim ɗin ne aka sake haskawa da sababbin 'yan wasa. Ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce dubu. A watan Yuni 2023 aka saki naira, dalar da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 ta wuce 1,500 a farkon 2024. A watan Agusta 2023 kamfanin magani na GSK, mai Augmentin da abin shaƙar nan na masu asma, ya ce ya daina harkarsa kai tsaye a Najeriya, kuɗin magungunan suka yi tashin gwauron zabo. Duk gidan da ke da mai hawan jini ko ciwon suga ko sikila ya san abin da nake faɗa. Goggona tana raba ƙwayar hawan jini biyu da wuƙa don ta kai mata wata, kuma ta san sarai ba daidai ba ne, likita ya gaya mata, ni ma na gaya mata. Ministan lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate da bakinsa ya ce likitoci wajen dubu 16 sun bar ƙasar nan a 'yan shekarun baya. Alƙaluman Majalisar Ɗinkin Duniya kuma sun nuna cewa a cikin duk mata huɗu da ke mutuwa wajen haihuwa a faɗin duniya, fiye da ɗaya 'yar Najeriya ce. Duniya gaba ɗaya fa, har da Indiya da Sin masu mutane fiye da biliyan.

Sai su ce ai babu kuɗi ne, ƙasa ta shiga matsi. Na yarda akan shiga matsi, ko gidan miji akan shiga. Amma idan abinci ya yi kaɗan a gida, uwa ta gari wa take fara zuba wa, ƙaton da ya ƙoshi ko yaron da ke kwance? A nan ake gane tarbiyyar gida. A watan Afrilu 2001 shugabannin Afirka suka taru a Abuja, a garinmu, a kan kujerunmu, suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗinsu don lafiya. Gwamnatin tarayya ba ta taɓa cika wannan alkawari ba ko sau ɗaya, yawanci ko rabinsa ba ta kaiwa. Su kuwa idan kansu ya sara sai jirgi. Marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa a Saudiyya ya yi jinya a 2009. Marigayi Buhari ya shafe sama da kwana ɗari a jere a Landan a 2017, a can kuma Allah Ya karɓi ransa a watan Yuli 2025. Allah Ya jiƙansu, ba gori nake wa mamaci ba, ciwo na kowa ne. Amma a 2017 ɗin nan uwargidansa Hajiya A'isha ta fito fili ta ce asibitin fadar shugaban ƙasa ko sirinji babu. To idan na fada ke nan, ina ga na lungunmu?

Kuma kada a ce ba a san maganin abin ba. Yuganda ta soke karɓar kuɗi a asibitocin gwamnati a 2001, talakawa suka cika su maƙil. Maƙwabciyarmu Nijar, wadda muke yi wa kallon ba ta kai mu arziki ba, ta mayar da aikin fitar da jariri da maganin yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta tun wajen 2006, duk da cewa ita ma gwamnatin kan yi jinkirin biyan asibitocin. A nan Kano ma an fara shirin haihuwa kyauta a 2001, mata kuma suka amsa kira, ɗakunan haihuwa suka cika har aka rasa gado. Ashe jahilcin yana jin sanarwar “kyauta”? Ko shugaban Bankin Duniya na lokacin, Jim Yong Kim, a 2013 ya tsaya gaban taron lafiya a Janeba ya ce karɓar kuɗi a hannun talaka a bakin asibiti, komai ƙanƙantarsa, yana korar sa daga magani, kuma rashin adalci ne. Bayan shekara 26 ke nan da ba da waccan shawara. Su sun gyara takardarsu, mu wa zai dawo mana da waɗanda muka binne?

Don kada a ce na yi son kai, bari in juyo gida. Eh, akwai mazan da ke hana matansu zuwa awo don taurin kai kawai, Allah Ya shirye su. Akwai wanda zai ce ba shi da kuɗin hoton ciki amma yana da na lefen amarya. Akwai surukar da za ta ce ita goma ta haifa a bayan ɗaki, don haka ke ma raki ne. Akwai ma'aikaciyar da za ta daka wa mai naƙuda tsawa har ta rantse ba ta ƙara dawowa, ko da yake mace ɗaya a kan masu naƙuda ashirin, ga albashi ba ya isa, ko waliyyiya ce sai ta gaji. Mu ma kanmu muna da namu. Mace za ta yi wata tara tana tanadin ankon suna da kayan fitar jego da mai kiɗan ƙwarya, amma ba ta ware ko sisi ta ce wannan na jini ne ko na aiki idan ta kama. Wannan kam sai mu gyara. Ki yi adashin haihuwa daban tun ciki yana wata biyu, ki sa maigida ya nemo 'yan uwa biyu da za su iya ba da jini tun kafin ranar, ki riƙe lambar mai adaidaitan da zai ɗauka da dare. Ki tambaya a asibitin unguwarku ko ana rajistar tsarin taimakekeniyar lafiya na jiha, ko na asusun da dokar lafiya ta 2014 ta tanada don marasa ƙarfi. A watan Nuwamba 2024 gwamnatin tarayya ta sanar da aikin haihuwa kyauta ga matan da ba su da hali a wasu asibitoci, to ki tambaya tun a wajen awo ko naku yana ciki, da baki ake neman haƙƙi. Amma duk wannan dabarar mai rauni ce. Adashin mai ƙosai ba zai gina ɗakin tiyata ba, ba zai biya likita ya fasa tafiya Saudiyya ba.

Ita kuma maganar “kwana ya ƙare” da muke rufe kowace ta'aziyya da ita, gaskiya ce, na yi imani da ƙaddara mai daɗi da marar daɗi. Amma malamanmu na Islamiyya sun koya mana cewa neman magani ba ya karya tawakkali, kuma shugaba abin tambaya ne a kan waɗanda aka ba shi kiwo. Ƙaddara ba ta wanke wanda ya ci kuɗin magani, ba ta wanke wanda ya zauna a ofis mai sanyi ya ja layi a kan kasafin asibiti ya bar na motocin rakiya. Mu ne muka fi kowa tsayawa a layin zaɓe, rana ta dake mu tun safe har la'asar da goyo a baya. Idan sun zo da taliya da sabulu da turmin atamfa mai hotonsu, ban ce kada ki karɓa ba, kuɗinki ne. Amma ki buɗe baki ki tambayi mai rabon, nas nawa ke kwana a asibitin unguwarmu, kuma ledar jini nawa ce yau?

Shekaranjiya na leƙa maƙwabciyar tawa. Ta fara takawa a hankali tana dafa bango, ɗinkin bai gama warkewa ba. Inda tukwanenta suke a saman kabad yanzu fili ne, sai zanen ƙura zagaye-zagaye inda kowace ta zauna. Kayan jaririn suna nan a ƙulle cikin jaka, ta ce in taya ta neman mai saye, don akwai ragowar bashin kemis, kuma an ce ta koma a duba ta ranar Talata.